Kafin a bar kafili a Saudiyya, a fara duba kalanda

Mu ƴan Nijar mun daɗe da sanin tafiya biɗa har ta zame mana jiki, kuma tare da ita muka gaji wata ɗabi'a wadda yau take ja wa ƴaƴanmu asara a ƙasashen Larabawa. Mutumin Tawa ko na Madawa da ya sauka Abijan ko Kwatano ko Kano, in uban gida ya ɓata masa rai da hantsi, yakan naɗe tabarmarsa, kafin la'asar wani ɗan garinsu ya kai shi wani shago. Ba ya neman izinin kowa, domin zamansa a garin bai rataya a wuyan mai shagon ba. Ko a Kodebuwa, lokacin da aka ƙaƙaba wa baƙi katin zama cikin shekarun 1990, katin na mutum ne shi kaɗai, babu sunan uban gida a jikinsa. Da wannan tunani matasanmu suke hawa jirgi a Yamai zuwa Jidda da Riyad, kuma da shi iyaye da yayye suke ba su shawara ta salula duk lokacin da aka ce albashi ya yi kaɗan ko uban gida ya cika faɗa: ka bar shi mana, ƙasar Allah da faɗi take.

A Saudiyya ƙasar Allah ba ta da wannan faɗin ga baƙo. Wanda ya shiga da bizar aiki, kamfani ko mutumin da ya ɗauko shi, wato kafilinsa, shi ne ya nema masa izinin aiki, shi ne ke sabunta masa katin zama da mutanenmu ke kira igama, kuma sunansa na rubuce cikin rajistar hukuma kusa da na ma'aikacin. Ranar da igiyar da ke tsakaninsu ta tsinke, aiki da izinin zama tare suke fara lilo. Shi ya sa sauya wurin aiki, wanda a nan gida magana ce tsakanin mutum da zuciyarsa, a can ya zama lissafin kwanaki da watanni. Ra'ayinmu a wannan jarida shi ne, mafi yawan waɗanda suka dawo mana hannu rabbana daga can sun yi gaskiya da suka so barin kafilinsu. Ranar da suka zaɓa ce ta kashe su.

Ya kamata a faɗi gaskiya, abubuwa sun sassauta. Ranar 14 ga watan Maris na 2021 hukumomin Saudiyya suka fara aiki da wani gyaran tsarin ƙwadago wanda ya ba ma'aikacin kamfani damar komawa wani kamfani ba tare da yardar kafilinsa ba in kwantaraginsa ya ƙare, ko kuma in ya cika shekara guda da shigowa ƙasar ya kuma ba da sanarwa, wadda a lokacin aka sa wa wa'adin kwana 90. Gyaran ya kuma ba shi damar neman bizar fita da dawowa, ko ta fita gaba ɗaya, da kansa ta hanyar intanet. Kafin wannan rana, ko mahaifiyar mutum ce ta rasu a Damagaram, sai kafili ya sa hannu zai taka filin jirgi. Tun daga lokacin, kowane ƴan watanni sai an ji a rediyo ko a WhatsApp cewa an soke kafala. An buɗe ƙofa, wannan gaskiya ne, amma ƙofa ce mai lokacin buɗewa da lokacin rufewa, kuma izinin zaman baƙo har yanzu da wurin aikinsa yake tafiya.

Mu fara da kuɗi, tunda ƴan kasuwa ke karanta mu. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta tanadi kuɗin sallama ga duk ma'aikacin da ya gama aiki: rabin albashin wata kan kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, cikakken albashin wata kan kowace shekara bayan haka. Sai dai in ma'aikaci ne ya ajiye aiki don kansa, aya ta 85 ta dokar ta yanka kuɗin gida uku. Wanda bai cika shekara biyu ba, ko riyal guda ba shi da shi. Daga shekara biyu zuwa biyar, kashi ɗaya cikin uku. Sama da biyar zuwa ƙasa da goma, kashi biyu cikin uku. Sai wanda ya kai shekara goma ne ke ɗaukar kuɗinsa cif.

A ɗauki misalin makanike mai albashin riyal 2000 a wata. In ya ajiye aiki bayan shekara huɗu da wata goma sha ɗaya, abin da aka tara masa ya kusa riyal 4900, amma abin da zai shiga aljihunsa bai wuce 1640 ba. In ya daure wata biyu, ya kai shekara biyar da wata ɗaya, zai karɓi wajen riyal 3440. Bambancin riyal 1800 ne, wato sama da jikka 250 na kuɗinmu, abin da ya haura albashin wata shida na ƙaramin ma'aikaci a nan gida, tunda mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jikka 42 aka mai da shi a 2024. Haƙurin kwana sittin ke nan. In kuwa ya jira kwantaragin ya ƙare da kansa, ya sanar cikin lokaci cewa ba zai sabunta ba, to wannan ba ajiye aiki ba ne a idon doka, kuɗin sallamarsa gaba ɗaya nasa ne. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya san ba a sayar da wake ranar da aka kwaso shi daga gona, ya san ajiya har farashi ya tashi, bai kamata shi ne zai riƙa zuga ƙanensa ya ajiye aiki a wata na ashirin da uku ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Kwantaragin baƙo a Saudiyya mai wa'adi ne, doka ce ta ce haka. Wanda ya karya kwantaragi mai wa'adi ba da hujjar da doka ta yarda da ita ba, aya ta 77 ta ba ɗaya ɓangaren damar neman diyya, kuma in ba a rubuta wani adadi cikin kwantaragin ba, diyyar ita ce albashin sauran watannin da suka rage. Wannan aya takobi ce mai kaifi biyu: tana kare ma'aikaci in an kore shi ba dalili, tana kuma sare shi in shi ne ya fice. Saurayin da ya sa hannu kan shekara biyu, ya ji an yi masa tayin ƙarin riyal 300 a wani wuri bayan wata goma sha huɗu, sai ya zauna ya auna ƙarin da albashin wata goma da za a iya bin shi. Gyaran 2021 ya ba shi izinin tafiya, amma bai yafe masa abin da ya sa wa hannu ba.

Kuma da wane harshe ya sa hannun? Doka ta ce in an rubuta kwantaragi da Larabci da wani harshe, na Larabcin ne hujja. Ga mu nan, ƴan lakwal, da takardun shaidarmu na Faransanci, mun iya warware kowace aya ta dokar ƙwadagon Nijar ta 2012, amma a gaban shafi biyu na Larabcin ofis ba mu fi wanda bai taɓa shiga aji ba. Almajirin da ya yi karatun littattafai a zaure ya fi mu kusa da fahimta, ko da yake shi ma Larabcin fiƙihu daban, na ma'aikatar ƙwadago daban. Har kwanan wata sai an duba ko da kalandar Hijira aka ƙidaya ko da ta Miladiyya, domin kwana 11 ne tsakaninsu kowace shekara, kuma cikin shekara biyar sun kusa wata biyu, daidai tsawon haƙurin da muka lissafa wa makanikenmu.

To, a ce lokaci ya yi, lissafi ya fita. Saura tsarin tafiyar, kuma a nan ne aka fi sakin reshe a kama ganye. Alkawarin baka da wani mai kamfani ya yi wa mutum a bakin masallaci bayan sallar isha'i ba komai ba ne. Tayin aiki sai ya fito daga sabon kamfani ta dandalin intanet na ma'aikatar ƙwadago mai suna Qiwa, ma'aikaci ya gani da idonsa ya amsa. Kuma ba kowane kamfani ke da ikon ɗaukar baƙo ba. Tun 2011 Saudiyya ke da tsarin Nitaƙat, wanda ke raba kamfanoni launi-launi gwargwadon yawan ƴan ƙasa da suka ɗauka. Kamfanin da ya faɗa cikin ja ba a yarda ya karɓi sabon baƙo, komai kyan niyyar mai shi. Haka nan sana'o'i da yawa an keɓe su ga ƴan ƙasa: sayar da salula da gyaranta tun 2016, shagunan zinariya tun 2017, sannan daga 2018 aka bi ta kan shagunan tufafi da kayan ɗaki da kayan lantarki da kayan gyaran mota. Wanda aka yi wa alkawarin tsaron kanti a irin waɗannan wurare, ya tambaya da wace sana'a za a rubuta shi, don in abin da ke cikin igama daban, abin da sufeto ya tarar yana yi daban, shi ne za a sa a mota. Kuɗin sauya kafili kuwa, doka ta ɗora shi kan sabon uban gida, kamar yadda ta ɗora kuɗin igama da na izinin aiki kan wanda ya ɗauko mutum. Duk wanda ya ce ma'aikaci ya biya daga aljihunsa tun ranar farko ya nuna irin uban gidan da zai zama.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne a daina zuwa tsohon wurin aiki kafin takarda ta fito. Shekara da shekaru makamin kafili shi ne ya kai rahoton cewa ma'aikacinsa ya gudu, abin da ake kira hurub, mutanenmu kuma suka mai da shi huruf. Da an shigar da rahoton, mutum ya zama mai laifi, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ba banki, ƙarshensa gidan tarhil na Shumaisi tsakanin Jidda da Makka, daga nan sai jirgi, tare da hana shi dawowa. A watan Oktoba na 2022 an gyara wannan ga ma'aikatan kamfanoni: in kafili ya ce mutum ya daina zuwa aiki, ana ba shi kwana 60 ya samu wani kamfani ko ya fita ƙasar, sai wa'adin ya cika ne ake rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace. Kwana sittin na da yawa a bakin mai faɗa. Ga wanda aka fitar daga ɗakin kamfani, yana kwana wurin ƴan uwa, yana jiran wani kamfani ya gama shawara, ga azumi ko aikin Hajji sun zo ofisoshi sun yi sanyi, kamar ƙiftawar ido ne.

Kada a ɗauka wannan masifa ta talaka ce kawai ko ta ƙasashen Larabawa. A Amurka, injiniyan kwamfuta da ke kan bizar H-1B, mai albashin da ya ninka na ministanmu, shi ma kwana 60 ɗin nan aka ba shi tun 2017 in aikinsa ya ƙare. Lokacin da kamfanin Meta, mai Facebook, ya sallami mutum 11000 a watan Nuwamba na 2022, baƙin da ke cikinsu da kalanda suka riƙa kwana suna tashi. Ita kuwa Katar, wadda ta soke sharaɗin takardar yardar kafili a 2020, ta bar wa'adin sanarwa: wata ɗaya ga wanda bai wuce shekara biyu ba, wata biyu ga wanda ya wuce. Ko'ina aka ɗaure izinin zama da uban gida, agogo ɗaya ne ke bugawa.

Wani zai ce, ashe jaridar nan haƙuri take koya wa wanda ake zalunta? A'a. Akwai lokacin da jira shi ne asarar, kuma dokar da kanta ta san da shi. Wanda aka hana albashi wata uku a jere, ko aka bar igamarsa ta mutu ba a sabunta ba, ko ya yi kwana 90 da shigowa ba a fitar masa da izinin aiki ba, tsarin 2021 ya ba shi damar sauya kafili ba tare da jiran cikar shekara ba. Aya ta 81 kuma ta ba ma'aikaci damar barin aiki da duk haƙƙoƙinsa in uban gida ya kasa cika muhimman alkawuransa ko ya ci zarafinsa. Riƙe fasfon ma'aikaci ma haramun ne a dokarsu, ko da yake ana yi. Sai dai wannan hanya hujja take so: takardar banki da ke nuna watannin da albashi bai shigo ba, kwafin kwantaragi, ƙara a ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago kafin a kai kotun ma'aikata, kuma cikin wata goma sha biyu da rabuwa, don bayan haka ba a sauraren ƙarar. Mutanenmu kuwa, da kunya da gudun fitina, sukan yi shiru wata shida ana cin guminsu, rana guda zuciya ta ɗebe su su fice ba takarda ko ɗaya a hannu. Sun yi haƙuri lokacin da ya kamata su kai ƙara, sun yi fushi lokacin da ya kamata su ƙirga kwanaki.

A nan dole mu juyo kanmu, mu da ke gida. Yaron da ke Riyad ba shi kaɗai ke yanke shawara ba. Bayansa akwai bashin da aka ci aka biya dillalin biza, wani lokaci gona aka jinginar ko aka sayar da shanu. Akwai bikin ƙanwa da aka sa wa rana. Akwai ragon layya da kuɗin makarantar yara a watan Oktoba. Kowane kiran salula ƙara masa nauyi yake yi, har ya ga ƙarin riyal 300 kamar ceto. Iyalin da suka iya ɗauke masa kai na wata uku, suka ce kada ka aiko komai sai takardarka ta fito, sun yi masa abin da ya fi addu'ar baka. Wanda kuma ya kai matarsa da ƴaƴansa can, ya tuna igamarsu a jikin tasa take rataye, ga harajin iyali da aka fara a 2017 kan riyal 100 a wata ga kowane kai, ya kai 400 a 2020. Ranar da ya yi tuntuɓe, gidan gaba ɗaya ne ya faɗi.

Ma'aikatan gwamnati ma maganar ta shafe su, musamman malaman asibiti da malaman Larabci da masu aikin hannu da ke samun tayi daga can. Wanda ya karɓi hutun dakatar da aiki na wani wa'adi ya tafi, kalanda biyu yake riƙe da su: ranar da hutunsa zai ƙare a Yamai, da ranar da kwantaraginsa zai ƙare a can. In ya sauya kamfani ya sa hannu kan sabbin shekaru biyu alhali saura masa wata takwas a nan, to ya shirya zaɓe tsakanin diyyar karya kwantaragi da rasa lambarsa ta ma'aikaci da shekarun fanshonsa. Wannan lissafi a gida ake yin sa, kafin a sa hannu.

Saura waɗanda duk wannan bayani bai kai gare su ba, kuma a cikin mutanenmu ba kaɗan ba ne. Gyaran 2021 bai haɗa da ƴan aikin gida ba, da direbobin gida, da masu aikin gona, da makiyaya. Su dokarsu daban, ƴan aikin gida da direbobin gida kuma dandalinsu daban, ana kiran sa Musaned, kuma hanyar barin kafili gare su ta fi ƙunci nesa ba kusa ba. Matar da aka kai aikatau wani gida a Ɗa'if, ko Bafillacen da ke kiwon raƙuma a jeji, in suka ji a WhatsApp an ce yanzu kowa na iya sauya uban gida bayan shekara guda, suka gaskata suka fita, sun faɗa cikin ramin da ba wanda ya gargaɗe su da shi. Haka wanda ya sayi biza wurin wani kafili na suna kawai, yana biyan shi kowane wata yana aikinsa a wani wuri, da wanda ya shiga da bizar Umra ya maƙale. Waɗannan ba su da kwantaragin da za su ƙirga kwanakinsa, kuma an ga abin da ya faru da irinsu a kamen da ya biyo bayan ƙarewar wa'adin afuwa a watan Nuwamba na 2013, da na 2017.

Magabatanmu fa? Muna da ofishin jakadanci a Riyad, muna da ƙaramin ofishi a Jidda, muna da hukumar ANPE wadda aikinta ke nan sa ido kan harkar ɗaukar ma'aikata, har ita ce ke sa hatimi kan kwantaragin baƙin da ke aiki a ƙasarmu. Ke nan mun san darajar takarda in baƙo ne ya zo mana. Kowace shekara ana tara maniyyata a koya musu ɗawafi da jifa da Hausa da Zabarmanci, abu ne mai kyau. Me zai hana a yi wa mai tafiya aikin shekara biyu abin da ake yi wa mai tafiyar wata guda? Abin da muke nema bai kai kuɗin mota guda ta minista ba: a fassara ayoyi goma na dokar ƙwadagon Saudiyya da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a karanta su a gidajen rediyon Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, a riƙa sabunta su duk lokacin da aka yi gyara, tunda dokar na sauyawa, ko a 2025 an taɓa ta. A tilasta wa duk dillalin da ke kai mutane ya ba su kwafin kwantaragi da fassararsa kafin a karɓi ko dala. A kuma ajiye jami'in ƙwadago mai jin Larabci a Jidda, da lambar salula da ake ɗauka, wanda ma'aikaci zai kira ya karanta masa kwanan watan da ke cikin kwantaraginsa da na igamarsa, tun kafin ya ce wa kafili sai wata rana.